Zoben da Ya Ƙi Hawa Sama

A ma'ajiyar magunguna kowa Baba Ƙwas yake ce masa, saboda ƙarar tafiretarsa. Tun gashinsa na baƙi shi ke buga takardun da ake mannawa a jikin firij, masu faɗin sanyin da kowane magani ke so. Tafireta ba ta da alamar digiri, ɗan zoben nan da ke lilo a saman lamba, amma shi ko a jikinsa. Sai ya murɗa gangar da takarda ke naɗe a kai rabin layi, ya buga ƙaramin "o", ya mayar da ita, ya ɗora babban C. Zoben ya ɗare sama tsaf.

Kwatsam sai ga sabuwar shugaba da kwamfutoci. Ba muguwa ba ce, tsakani da Allah. Ta dai ce kowa zai yi gwaji, wanda ya kasa a sallame shi.

Hankalin Baba ya tashi. Babbar 'yarsa ta dawo gida da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta, kuma duk bakin nan aikinsa suke kallo. Ita ta ja shi shagon buga takardu na bakin titi, ta zaunar da shi gaban wata ƙatuwar kwamfuta.

"Baba, danne wannan mai Alt, kada ka saki. Ga lambobi can gefen dama: sifili, ɗaya, bakwai, shida. To, saki."

Zoben ya fito. Baba ya tuntsire da dariya. "Ke, wannan ai wahalar da bawan Allah ne! Duk wannan don ɗan mitsitsin abu?"

"Ka bar tazara bayan lamba, zoben kuma ya manne da C."

"Ni za ki koya wa? Kafin ki yi haƙori nake yinsa."

Ya haddace sarai. Ko abinci yake ci, yatsunsa na bugawa a gwiwa.

Ranar gwaji aka ajiye masa 'yar ƙaramar kwamfuta mai rufewa kamar littafi. Ya dubi gefen dama, wayam, babu lambobin. Ya danne Alt ya gwada na layin sama, ko gezau. Ya sake, ya sake. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, na kusa da shi sun yi nisa, shi kuma kunya ta hana shi tambaya.

Nan hannunsa ya koma abin da ya sani. Ya kai gefen allo ya murɗa iska kamar akwai ganga a wurin, ya buga "o", ya buga C. Haka ya yi har ƙasan shafi, bai ko ɗaga kai ba.

Shugaba ta kira shi ofis ta miƙa masa takardar. "Baba, karanta mini wannan."

"Digiri biyu zuwa takwas, ranki ya daɗe."

"Ni ashirin zuwa tamanin na gani. Zoben yana ƙasa, ya zama sifili. Da an manna wannan, da allurar yara duk ta lalace."

Ya duba. Wallahi gaskiyarta, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ta yi masa godiya mai yawa, ta ce ya tafi da tafiretar, dama ba mai amfani da ita.

Da ya shigo gida rungume da ita, 'yarsa ta kori yaran waje. Ya ɗora ta a tebur, ya naɗa takarda, ya buga biyu, ya murɗa ganga, ƙwas! Ribon tawadar ya bushe, kuma an daina sayar da irinsa.

"Zo ki gani," ya ce. "Ga shi ya hau daidai."

Ta sunkuya ta duba. Takardar fara fat.

"Na gani, Baba," ta ce.