Ƙarfen Maza, Zoben Mata

A layin su Eshrat Khanom kowace tsohuwar ƙofa abin ƙwanƙwasawa biyu gare ta. Ɗaya ƙarfe ne dogo mai nauyi, na maza. Ɗayan zobe ne siriri, na mata. Daga tsakar gida matar gida za ta san ko mayafi za ta nema ko da gudu za ta buɗe. Gida arba'in ne a layin, amma da masu ƙidaya suka zo bara, a biyar kaɗai aka amsa musu. Sauran sun tafi Tehran, sun bar wa tantabaru.

Ƙarar zoben nan Eshrat take jira. Shekara ashirin da shida ke nan da ta ce wa ƙanwarta Monir kada ta sake taɓa ƙofar gidan ubansu, don ba ta zo jana'izar mahaifiyarsu ba. Ta daɗe da yin nadama, sai dai taurin kanta ya fi na ƙofar. Sai ga saƙo ta bakin Parvin, 'yar kawunsu: Monir za ta zo kafin Noruz, bikin sabuwar shekararsu, ta yi sallama, za ta koma wurin ɗanta a Kanada ke nan.

Eshrat ta share ɗakin sama. Kullum kofin shayi biyu take wankewa.

Akwai kuma wani dillali ɗan Isfahan da ya addabe ta, mai bin gidaje yana ciccire tsofaffin ƙofofi ana ƙawata otal da su. Sau huɗu tana korarsa, amma ba shi da zuciya.

Ran Laraba da hantsi aka buga ƙarfen maza, sau uku. Ta zo zaure ta tsaya bayan ƙofa, ta yi gum. Tari ya suɓuce mata, ta toshe baki. Aka sake bugawa. Ta ce a ranta, buga har hannunka ya karye. Can ta ji takun takalmi yana nisa.

Da la'asar ta je wurin Mashti Rajab mai gashin burodi.

"Yau guda nawa, Eshrat Khanom? Baƙuwa dai ba a ba ta na jiya."

"Wace baƙuwa?"

"Ji min mata! Monir mana. Ta tsufa wallahi, da tafiyarta na gane ta. Ina hango ta ta kama ƙarfen maza, na ce oh, 'yan birni! An saba danna ƙararrawa. Sai burodi ya fara ƙonewa, na juya. Ba ki buɗe ba?"

Motar hayar da ke komawa birni da azahar ta riga ta tashi. Eshrat ta bar burodin a nan, ta shiga shagon maƙwabci ta kira Parvin a waya.

"Ki ce mata na ɗauka dillali ne! Ki ce na maza ta buga!"

"Na gaya mata ƙila ba kya gida, Yaya. Gobe da safe jirginta zai tashi."

"To, me ta ce?"



"Ta ce kina nan. Ta ji tarinki a bayan ƙofa, irin na Mama sak."