Doguwa Ba Ta Taɓa Ƙin Tashi Ba

"Sake murɗawa," in ji Inna daga kujerar baya, kan mijinta a cinyarta. "Don Allah, Tela, sake murɗawa."

Tela ya sake murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba.

Wannan fa ita ce Doguwa, tsohuwar mota ƙirar Amurka mai faɗi kamar gado, wadda Baba Direba ya cika wa mutanen layi kunne da ita. Fenti ya koɗe, kujeru sun fashe har soso ya leƙo, agogon tafiyarta ya cika ya koma sifiri ya sake ɗaukowa. Tela, da shagonsa ke kallon ƙofar Baba, ya fi kowa tsokana.

"Baba, man nan sha take yi ko wanka?"

"Yaro, wa ya kai matarka asibiti ranar haihuwa? Ka taɓa jin ta ƙi tashi?"

Gaskiya ba ta taɓa ƙi ba. Sai dai Baba bai taɓa barin kowa ya zauna bayan sitiyarinta ba.

Yau da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Tela kaɗai ya iya tuƙi a kusa. Ya ɗosana a bakin kujera, don Baba dogo ne, ƙafar Tela da ƙyar take kai totur.

Ta madubi yana ganin Baba yana miƙo hannun hagu, wanda ya rage masa mai motsi, yana yaƙushin ƙasan kujerar direba. Inna ta kama hannun ta danne a ƙirjinta.

"Sannu, Malam. Yanzu za mu tafi."

Ya fizge, ya sake miƙawa. Ta sake kamawa. Idonsa kuwa yana kan Tela, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Tsoro ya kama Tela. Ya fita ya buɗe bonet, ya girgiza kan batir, bai ga komai ba. Maƙwabta suka ce a tura, mai faci ya ce irin wannan ba ta tashi da turi.

"Yau kika ga dama, tsohuwar banza!" Tela ya harbi taya.

Kafin a samo motar ɗaukar bulo a shimfiɗa wa Baba katifa a baya, rana ta take. Baba bai kai ƙofar asibiti ba.

Washegari aka ce a janye Doguwa daga ƙofar gida, masu gaisuwa su samu wurin zama. Tela ya shiga zai riƙe sitiyari a tura. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera don ya jawo ta gaba, sai yatsansa ya taɓa wani ɗan maɓalli naɗe da salatif, irin wanda ake ɓoyewa saboda ɓarayi. Daidai wurin da hannun Baba yake nema.

Ya danna, ya murɗa makulli.

Murɗa ɗaya ta tashi.

Masu turi suka ɗauke hannu. Inna ta fito bakin ƙofa da mayafi a karkace. Ta dubi motar, ta ga inda hannun Tela yake, sannan ta sunkuyar da kai tana kallon tafin hannunta. Ba wanda ya ce a kashe. Injin ya ci gaba da juyawa a hankali, ba ko gargada.