Shafi na Ƙarshe a Takardar Feshi

Da rana tsaka ƙudaje ke sauka a idon Auta, su jeru a bakin fatar kamar kaji a kan kwanon ruwa. Ina kora da mafici, barci yana fizgata. Cikin gyangyaɗin nakan ga unguwarmu fes, ba juji, ba kwatar mayanka, Auta tana tsalle ido tar. In farka in tarar kwantsa ta sake liƙe mata ido.

Abin haushin, ubanta mai feshin maganin ƙwari ne. Shekara goma sha ɗaya yana goya tankin hukuma. Shi ya koya mini cewa ƙuda kafin ruwan farko ake tare shi, tun yana tsutsa a juji. In ya yi fiffike, an makara.

"Baban Auta, ga hadari ya fara haɗuwa. Yaushe za ku zo mana?"

"Takarda muke bi," ya ce, bai dube ni ba. "Unguwar manya tukuna. Mu na bayan mayanka muna shafi na ƙarshe."

"Shi shafin ƙarshen yaushe ake kai masa?"

Daga ranar ya daina wanke tankin a wurin aiki. Sai ya kawo shi gida, ya zuba ruwa ya girgiza, ya fesa ɗaurayar a bangon ɗakinmu. Ƙudajen su tashi, su ɗan yi shawagi, su dawo. Wallahi tausayinsa ya fi haushin yawa.

*

Sau uku muna kai ta asibiti a daminar nan. Likita ta ba da magani, ta ce a raba ta da ƙuda. In kai ta ina? Kafin ruwa ya ɗauke, wani fari-fari ya kwanta mata a kan ƙwayar ido, na dama tukuna, sannan na hagu, har ta daina gani.

Sai da sanyi ya shigo, ƙudaje suka tafi don kansu, sannan mota ta tsaya a bakin layinmu. Mutum shida cikin sababbin riguna, da mai ɗaukar hoto. Ubanta ne a gaba, fuska a rufe, yana fesa bangon da ko ƙuda ɗaya babu. Feshin yana tashi a hankali cikin hasken safiya, yana lilo, har ya yi kyau.

Auta tana tsaye a ƙofa, riƙe da bakin zanena. Mai hoton ya durƙusa a gabanta.

"'Yan mata, kalli nan, yi mana murmushi."

Ta yi murmushin, ta juya fuskarta wajen bango.