Hular da Gogo MaZungu Ta Saƙa a Gidan Caca

Duk Talatar farkon wata, wani gidan caca a birnin Durban yakan aika bas ta kwaso tsofaffin unguwar Umlazi kyauta. A ba su shayi da katin wasa na rand hamsin, ƙarfe uku kuma a zaro sunan mai tafiya da firij. Sai dai kuɗin katin ba ya kai ƙarfe sha ɗaya, kuma awa huɗun nan na jira a gaban injin caca su ke cika aljihun gidan. A cikin awannin nan fanshon wata tsohuwa, Gogo MaZungu, ya narke watan jiya, ta ƙarasa watan da gayan tuwon masara.

Yau ma fanshon yana ƙulle cikin rigarta, kuma ta rantse cewa da shi za ta koma gida. Ta zauna gaban inji, ta fito da zare da kwarashi, ta hau saƙa hula.

"Ke kuma biki kika zo?" in ji ƙawarta MaShezi, tana danna maɓallin injinta ba ji ba gani.

"Danna abinki, uwar gaggawa."

Sai ta kai ƙarshen layin saƙa take danna maɓalli sau ɗaya, a kuɗi mafi ƙanƙanta. Can ga mai kula da injuna ya tsaya a kanta.

"Gogo, kujerar nan ta masu wasa ce."

"To me ka ga ina yi, ɗana?" Ta danna. "Ko an rubuta gudun da za a yi?"

Ya sosa ƙeya ya wuce.

Wajen ƙarfe biyu katin ya ƙare. Injin kusa da ita ya ɓarke da ƙararrawa, wata ta ci, ana ta guɗa. Hannun Gogo ya kai bakin rigarta, har ta taɓo ƙullin. Zuciyarta na cewa sau ɗaya tak. Ta janye hannun da ƙyar, ta kama zaren ta warware layi goma cur, ta soma daga can, don hannun ya sami abin yi.

Ƙarfe uku aka kira sunan mai firij, wani tsoho daga unguwar KwaMashu. Gogo ta fi kowa tafi.

A bas MaShezi ta zazzage jakarta, ko sisi babu.

"Ni dai an wanke ni. Ke me kika ci?"

Gogo ta buga ƙirji, ƙullin na nan daram. Ta ɗora wa ƙawarta sabuwar hular a ka.

"Shayinsu, kofi uku. Direba, biya da mu mahauta, yau da nama zan shiga gida!"