Fitilar Butrus

Da yaƙi ya watsa unguwarmu a Omdurman, mu biyu muka rage a layin: ni Sittana mai sayar da man riɗi, da Butrus Kodi, tsohon da ke gadin ɗan cocin da ke bayan gidana. Ni ciwon gwiwa ne ya zaunar da ni. Shi kuwa taurin kai ne kawai.

Layin da a da hayaniya ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, har kuliyoyi sun gudu sun bar shi. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har ƙofofin maƙwabta nakan yi wa sallama in zan wuce.

Kullum da hantsi Butrus zai ɗingiso da ɗan gwangwani. "Hajja, a taimaka da mai." Na ɗauka na girki ne. Ran nan na bi shi da kwanon asida, tuwonmu na nan, na tsaya a bakin ƙofar cocin, sai na gan shi yana ɗura man a wata jar fitila, kusa da wani ƙaramin akwatin ƙarfe a jikin bango.

"Man nawa kake ƙonawa da rana tsaka, Butrus? Ga ka nan kamar sillen kara."

Ya ce Abuna, limaminsu, ya fita kai masu rauni asibiti a farkon yaƙin, hanya ta rufe a bayansa. A cikin akwatin akwai gurasar da aka keɓe don ibada. "A wurinmu, Ubangiji yana nan tare da ita. Muddin tana ciki, fitila ba ta mutuwa, kuma ba a barin ta ita kaɗai."

"Kana da gurasa a akwati kana kwana da yunwa?"

"Ba ta cika ciki ba ce, Hajja. Allah mai tsarki ne. Na tsufa ina shara a gabanta, hannuna bai taɓa kai wa gare ta ba."

Ni Musulma ce, jikar alhazan da suka taho daga Katsina a ƙafa. Wannan ba aƙidata ba ce. Amma na san akwai abin da ba a taɓawa sai da alwala, don haka na ja bakina.

Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafa, magani kuwa babu. Wata rana ina wanke masa da ruwan gishiri, haushi ya kama ni. "Duk gadin nan da kake yi, bai warkar da kai ba?"

"Na roƙa, bai ɗauke ba. Amma kullum yana ba ni abin da zai kai ni yamma, ba don na cancanta ba. Shi muke kira alheri."

"Asidata ce ke kai ka yamma."

"To, ta hannun wa kike so ya aiko?"

Sai ɗana Mujtaba ya aiko daga Atbara: ya samo mana wuri a wata babbar mota da za ta fita, direban kuma ya ce daga wannan ba zai sake shigowa ba. Butrus ya ce in sauka lafiya. Ranar tafiyar na ɗauko ƙunshina na zauna daram a ƙofar cocin.

"Ba inda za ni. In na mutu a nan, a wuyanka."

Ya ce Abuna ya taɓa gaya masa, in abu ya ɓaci, mai gadi ya ci gurasar don kada a wulaƙanta ta. "Amma zuciyata ba tsabta, Hajja. Tun da aka harbe 'yata Marta a kan gada ban yafe ba. Ba na ma so in yafe."

"Ba kai ka ce ba sai an cancanta ba? Ko ni kaɗai kake yi wa wa'azin?"

Can ya miƙo hannuwansa, na zuba masa ruwa daga butata, ya wanke. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa da wannan ruɓaɓɓiyar ƙafar, yana kuka kamar yaro. Na juya baya, don ba abin kallona ba ne. Na ji ƙarar murfin akwatin. Da na waiwaya, ya riga ya ci gurasar, ya hure fitilar.

A bayan motar mutane cunkus, kowa da nasa baƙin cikin. Butrus yana zaune kusa da ni. Ya rungume ƙirjinsa da hannu biyu, ya rufe ido. Da muka faɗa wani rami, wani mutum ya dafe shi da gwiwar hannu. Na buge hannun.

"Yi a hankali, ɗan'uwa," na ce. "Da kaya a jikinsa."