Fuskoki a Bangon Ɗakin Wasa

Fahad ya gaji da rubuta "Ana sayar da ƙanƙara" a bangon mutane. Tun da ya gama sakandare aikinsa ke nan a Dutsin-Ma: yau shagon aski, gobe kemis, jibi mai cajin waya. Shi ya sa da kawunsa Alhaji Sa'idu ya nuna masa ɗakin da ya ware wa iyalinsa don wasa, ya ce a ƙawata bangon ko yara sa daina zarya gidan kallo, bai ko tsaya yin ciniki ba.

Alhaji ya so a zana ƙaton allon ludo, ja da kore da ruwan ɗorawa. Matarsa Hajiya Talatu ta so furanni irin na zanin gado. Fahad ya ce shi yara zai zana suna wasa, kuma ba yaran kowa ba, na gidan. Alhaji ya yi dariya, ya ce in zai iya bismilla.

Ya kuwa iya. Ga Abubakar Sadiƙ a tsakiyar langa, ya kamo ƙafa ɗaya ta baya, ya cije leɓe yadda yake yi in zai yi maguɗi. Ga Khadijat da wushiryarta ta watsa duwatsun carafke sama. Ga Nana Hadiza tana hararar ta, ɗankwali ya zame. Duk wanda ya leƙo sai ya kira sunayensu ba a gaya masa ba. Alhaji ya riƙa jan baƙi daga falo yana nuna musu, yana cewa aikin ɗan ƙanwarsa ne, kuma shi Alhajin ne ya kawo shawarar.

Sai Gogo ta zo daga Rawayau. Yayar Alhaji ce, ita ta goya shi. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta daɗe tana kallo, ba ta shiga ba. Ta ce yaron ya iya, amma mala'ikun rahama ba sa shiga inda aka zana mai rai. Ba ta ɗaga murya ba. Da azahar ta yi, ta ɗauki dardumarta ta shiga maƙwabta.

Alhaji ya aika aka kira Fahad. Da farko ya ce ai shi dama ludo ya ce a zana. Sannan ya kawo mafita: a ja baƙin layi a wuyan kowane yaro, yadda ake yi wa zanen mutum a littafin makaranta, rai ya fita, magana ta ƙare.

"In yanka su ke nan, Kawu."

"Kai, fenti ne fa. Kada ka mai da shi magana."

"Da kake jawo baƙi su gani, ba fenti ba ne?"

Alhaji ya ce ya kiyayi bakinsa. Hajiya Talatu ta leƙo daga madafa ta ce babu mai gitta wa 'ya'yanta layi a wuya ko da a bango ne, gara a shafe duka da farin fenti. Alhaji ya ce to Fahad ya zaɓi ɗaya kafin la'asar, don yayarsa ba za ta sake kai goshinta ƙasa a gidan wani ba alhali yana da gida. Ya saɓa babbar riga ya fita.

Fahad ya turo ƙofa. Ba haushin Gogo yake ji ba. Ita abin da ta sani ta faɗa, kuma ko gobe shi za ta faɗa. Wanda ya yi tutiya da aikin jiya, yau ya tsame hannunsa, shi ne ya tsaya masa a maƙoshi. Ya dubi wushiryar Khadijat. Sau nawa ya goge ta ya sake kafin ta fito? Ya yi ƙwafa, ya ɓalle murfin baƙin fenti da ƙarfi har ya fantsamar masa a wando.

Bai ja layi ba, bai kuma taɓa farin ba. Ya fara da Abubakar Sadiƙ: ya bi idanun da baƙi, ya bi hanci, ya bi leɓen, har fuskar ta koma ƙeya. 'Yan matan ya rufe fuskokinsu da ɗankwali, ya yi ƙulli a baya. Da ya sauko daga kan benci, duk yaran bangon sun juya wa ɗakin baya.

Gogo ta zo ta duba, ta ce tunda babu fuska ita ba ta da ta cewa, ta cire takalmi ta shiga. Alhaji ya ce ai haka ma ya fi tsari. Fahad yana durƙushe yana wanke burushi a kananzir, bai ɗago ba.

Hajiya Talatu ce ta daɗe a gaban bangon.

"Fahad, wace ce Khadijat a ciki?"

"Duk wadda kika ga dama, Hajiya."