Sikelin Mai Shinkafa

Dokokin ajin 'yan koyo a tseren babur ba su da yawa. Kada shekarun mahayi su wuce ashirin. Kada a taɓa cikin inji. Yadda ya fito daga kamfani haka zai shiga fili. Sai nauyi: babur da mahayinsa, har hular kwano da rigar fata da takalmi, kada su gaza kilo ɗari da talatin da biyar.

Ta farkon ce ta tsaya wa Galih a wuya. Watan gobe zai cika ashirin da ɗaya. Tseren ranar Lahadi shi ne na ƙarshe a bana, kuma nasa na ƙarshe a ajin. Ajin da ke gaba na injinan da aka sarrafa ne, ɗan mai shagon shinkafa ba ya shigarsa sai da ubangida. Ubangidan kuwa ya samu, in an dace: Haji Suwondo, mai ƙungiyar tsere a birnin Solo, ya aiko cewa duk yaron da ya zo na ɗaya zai ɗauke shi.

Ta ukun tana hannun Kawu Ngadiman, ƙanen mahaifiyarsa, bakaniken da ya haɗa masa babur ɗin. Galih siriri ne kamar karan rake, dole a ɗaura dalma a ƙarƙashin kujera a cike nauyin. Kawu kuwa ya tsani dalma. Ya ce kowane kilo ɓarawo ne, a kwana yake sata.

Ranar Alhamis da hantsi suka tura babur ɗin shagon Baba Marjuki, mahaifin Galih, don a unguwar babu babban sikeli sai nasa na buhuna. Suka gicciya katako, suka auna shi suka cire nauyinsa, suka ɗora babur, tanki kusan wayam. Galih ya hau sanye da kayan tsere, gumi na bin bayansa. Matan da suka zo sayen shinkafa suka kewaye su.

Bu Lastri mai sayar da miyar soto ta ce, "Pak Marjuki, nawa kake sayar da kilon wannan? In ƙashi ne zalla a rage mini, na romo nake nema."

Aka kwashe da dariya. Kawu ya yi ta ƙara guntayen dalma har hannun sikelin ya daidaita, ya ɗora rabin kilo a kai don tsaro.

"Shi ke nan."

Baba Marjuki yana tsaye jikin buhuna, yana murza gefen zaninsa. Ya ce, "Ngadiman, ƙara masa. Kamar kilo uku."

"Uku? Yaya, tsere za shi ko dako?"

"Na dai ce ka ƙara."

"Don me? Ga sikeli ya faɗa. Ko ba ka yarda da sikelinka ba ne?"

Matan suka zuba masa ido, suna jira. Bu Lastri ta ɗaga gira. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya yi wata 'yar dariya.

"Wa? Sikelina? Ai ko a kotu za a rantse da shi."

Bai sake ta da maganar ba. Sai dai tun daga ranar ya matsa wa Galih da ci. Ya tula masa shinkafa, ya ƙara soyayyen tempe na waken soya, ya aika a sayo ƙwan agwagwa. Galih ya ɗauka tsoro ne irin na uba, ya ture rabin kwanon.

Ranar Lahadi aka kewaye filin ajiye motoci na dandalin wasa da tsofaffin tayoyi da buhunan yashi. Masu duba kaya suka leƙa kafireto, suka gwada birki, suka manna takarda a tanki. Sikelinsu na ƙarƙashin wata rumfa, wanda ya so ya je ya gwada kafin a fara, amma layin ya kai bakin ƙofa.

Baba ya ce, "Ku bi layin mana."

Kawu na tsugune yana ɗaure sarƙa, bai ɗago ba. "Mun riga mun auna, Yaya. Ka je ka nemi inuwa."

Da aka kira ajinsu, Baba ya biyo Galih da gudu-gudu, da manyan robobin ruwa biyu a hammata.

"Shanye, ɗana. Duka."

"Baba, in yi fitsari a rigar fata?"

"Ko ɗaya ce."

Galih ya kurɓa sau ɗaya, ya rufe gilashin hularsa.

Ya tashi a na huɗu. Kafin a kai rabin tseren ya wuce mutum biyu. Wanda ya rage wani yaro ne mai suna Bagas, mai sabon babur ruwan lemo, wanda ke rufe kowace kwana kamar ƙofar gidansu. Galih ya bi shi, yana jin zafin salansarsa a gwiwa. A zagaye na ƙarshe, a kwanar da ke kusa da masu sayar da gyaɗa, Bagas ya taka birki da wuri. Galih bai taka ba. Ya kwanta har gwiwarsa ta goge kwalta, ya kutsa ta ciki, ya ji babur ɗin ya miƙe a ƙarƙashinsa, sakayau. Tuta ta sauka a kansa.

Bai san yana ihu ba sai da ya ji maƙogwaronsa na zafi. Kawu ya tsallake tayoyi ya rungume shi da babur gaba ɗaya. Can a rumfar manya, Haji Suwondo ya miƙe yana tafi.

Ba a bari kowa ya ba su ko ruwa ba. Kai tsaye aka tura na ɗaya zuwa na uku rumfar awo. Matar da ke kula da sikelin, Bu Retno, ta yi wa Galih nuni ya hau. Ta dubi lambar. Ta ce ya sauka, ta mayar da sikelin sifiri, ta ce ya sake hawa.

"Ɗari da talatin da uku, babu kaɗan. Ka gaza, ɗan nan."

Kawu ya yi tsalle. "Ƙarya ne! Sikelinku ya lalace!"

Ba ta yi musu ba. Ta sa aka ɗora ƙarfen gwaji, ya nuna daidai. Bagas ya hau, ya wuce. Na ukun ma ya wuce.

Kawu ya ce, "Wallahi mun auna! Da idona! Har rabin kilo na ƙara!"

"A ina kuka auna, Pak?"

"A shagon Marjuki. Sikelin shinkafa."

Wani bakanike daga bayan taron ya ce, "Sikelin mai shinkafa? Haba malam. Ai ko kaza ka ɗora a kai, sai ta sauko talotalo."

Dariya ta tashi. Galih ya waiwaya yana neman ubansa, yana jiran ya ji muryarsa ta tsaga taron, don Baba mutum ne da ke faɗa a kan abin da bai kai wannan ba. Ya hango shi a bakin rumfar. Ƙasa yake kallo, robobin ruwan na rungume a ƙirjinsa.

Galih ya sauko daga sikelin a hankali.

Aka sanar a lasifika cewa an soke lamba ta ɗaya, Bagas ne ya ci. Haji Suwondo ya biyo ta wajensu, ya dafa kafaɗar Galih.

"Ka iya kwana, yaro. Amma ni sunan da ke kan allo nake kai wa masu ba ni taya da mai. Ka dawo baɗi ka ci da kyau."

"Baɗi na wuce shekaru, Pak Haji."

"Ayya." Ya ɗan tsaya, kamar zai ƙara wani abu. Sai ya nufi wajen Bagas.

Kawu ya tafi neman shugaban alƙalai, yana cewa zai shigar da ƙara. Galih ya tura babur ɗin bayan fili, inda suka ajiye akori-kurar shago. Baba na biye da shi, nesa kaɗan. Babu kowa a wurin sai wata akuya.

"Nawa yake ƙarawa, Baba?"

Baba ya juya yana kallon akuyar.

"Baba."

"Kilo ɗaya a buhu." Muryar ba ta fita sosai. "Na goge ƙarfen awon da magagari. An daɗe. Kowa a layin nan haka yake yi, Galih."

"Da ka faɗa mini."

"Na ce a ƙara dalma."

"Ba ka faɗa ba."

"A gaban matan nan? Su ne cinikina. Su ne abincin gidanmu."

"Da suka tafi fa? Ran Juma'a? Jiya, muna cin abinci, ni da kai?"

Baba ya ajiye robobin ruwan. Ya goge fuska da tafin hannu. Da ƙyar ya ce, "Na kasa bari ka san haka nake."

Galih ya juya gefe. Ya zuge zip ɗin rigar fatar, ya zare hannuwansa, iska ta bugi jiƙaƙƙen bayansa. Daga cikin fili ana kiran aji na gaba, injinan manya na kuka.

Kawu ya dawo yana huci. "Sun ce in rubuta a takarda. Zo ka sa hannu."

"Bar shi, Kawu. Sikelinsu daidai ne."

Kawu ya dube shi, ya dubi mijin yayarsa. Shi da Galih suka cicciɓi babur ɗin suka ɗora a bayan mota, suka ɗaure da igiya.

Baba ya shiga ya ta da mota, ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar, ya share kujerar da hularsa. Ya jira.

Galih ya taka taya ya haye baya, ya zauna a kan ƙarfe mai zafi kusa da babur ɗin, ya juya wa gilashin motar baya. Ƙofar ta daɗe a buɗe kafin Kawu ya shiga ya ja ta.